Fim ɗin 'Yan Alkafura da Sharhin Masu Kallo: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Yi Mini

Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata a nan Birnin Kebbi. A zangon karatun da ya wuce na so in nuna wa ɗalibaina yadda ake wasan alkafura na gasa, irin na Olamfik, domin sunansa kawai suke gani a littafi. Sai na je shagon wani yaro mai tura finafinai a waya, na ce ya nemo mini fim na mata 'yan alkafura. Ya lalubo a kwamfutarsa, ya juyo mini da fuskarta, ya ce, "Hajiya, wanga kowa na yabo nai, dubi taurari." Wato taurarin maki da masu kallo suka ba fim ɗin a intanet. Na biya, ya tura. Allah Ya sa ban kai shi aji ba sai da na zauna da dare na karanta abin da masu kallo suka rubuta a kansa. Ashe labarin soyayya ne tsakanin mata biyu.

Washegari na ba da labarin a ɗakin malamai ana dariya. Labari ya fita, ya kai ga iyaye, har wata ƙanwar mahaifiyata ta kira ni daga Jega. Tun daga nan tambayoyin ba su tsaya ba, kuma kusan iri ɗaya ne. Ga su nan na tattara.

Wane fim ne, kuma me ke cikinsa?

Sunansa The Gymnast, fim ɗin Amurka ne na 2006. Ned Farr ne ya rubuta kuma ya ba da umarni, Dreya Weber da Addie Yungmee ne suka ja shi. Na faɗi sunan ne domin wanda ya ci karo da shi a memori ya san abin da ya riƙe.

Labarin wata mata ce mai suna Jane, wadda ta haura shekara 40. Tana yarinya gwanar alkafura ce, sai rauni a agara ya raba ta da wasan. Ta koma sana'ar tausa, aurenta kuma ya yi sanyi, ba faɗa ba daɗi. Daga baya aka jawo ta cikin shirya wani wasa na lilo a sama, inda ake rataye dogon ƙyalle daga rufin ɗaki, mutum ya hau ya nannaɗe jikinsa da shi yana juyi. Abokiyar wasan nata wata mai rawa ce, Serena. A wajen atisayen ne shaƙuwa ta shiga tsakaninsu, ta zarce ƙawance. Wato ko ta fuskar darasina ma fim ɗin bai biya mini buƙata ba: ba gasa a ciki, ba alƙalai, ba maki. Wasan lilon ya fi kusa da na 'yan nishaɗi irin na Cirque du Soleil na Kanada.

To, Malama, me ya sa masu kallo suka cika shi da taurari?

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ke nan, kuma amsarta ta shafi kowane fim, har da na Indiya da na Koriya da yaranmu suke kwana a kai.

Su wa ke ba da taurarin? Waɗanda suka nemi fim ɗin da ƙafarsu. Ƙaramin fim irin wannan ba ya zagaya manyan gidajen sinima. A bukukuwan finafinai ake fara nuna shi, daga nan ya koma faifai da intanet. Wanda ya je ya same shi, tun kafin ya kunna ya san irin labarin, kuma shi yake nema. In ya gama sai ya zo ya rubuta cewa ya ji daɗi. Wanda labarin ba zai yi masa ba, bai ma san an yi fim ɗin ba, balle ya yi sharhi. Ka je bakin Matan Fada a Argungu ranar Su, wato bikin kamun kifi, ka tambayi masunta ko kamun kifi na da daɗi, ka ga irin amsar da za ka kwaso. Ba ƙarya suka yi maka ba, amma ba su ne dukan mutanen Kebbi ba.

Saboda haka taurarin suna faɗin abu guda ne: waɗanda aka yi fim ɗin dominsu sun gamsu. Ba su ce komai ba game da ko ya dace a kunna shi a tsakar gida a Nasarawa ko Badariya, inna na tankaɗe, yara na zaune. Yaron shagon bai yaudare ni ba. Lamba ya gani, bai karanta rubutun da ke ƙarƙashinta ba, ni ma da na yi irin gaggawarsa da tuni ina gaban shugabar makaranta ina rantse-rantse.

Me masu yabon suke yabawa, me masu kushewa suke kushewa?

Da na bi sharhin, na ga mutanen sun kasu. Akwai waɗanda wasan lilon ya tafi da imaninsu, domin Dreya Weber sana'arta ce ta gaske, da jikinta ta yi, ba dabarar kwamfuta ba. Akwai waɗanda abin da ya taɓa su shi ne ganin mace mai shekaru tana jan fim, macen da aka ɗauka nata ya ƙare sai ga shi ta sake miƙewa. Akwai kuma mata masu irin rayuwar da fim ɗin ya nuna, waɗanda suke ganin labarinsu ne aka ba da ba tare da an mai da su abin dariya ba. Su ne suka fi rubutu mai tsawo.

Masu kushe kuwa, yawanci a kan aikin suke magana: ƙarancin kuɗin da aka kashe yana nunawa, labarin na tafiyar hawainiya. Abin lura, da wuya ka ga mai kushewa saboda jigon soyayyar, alhali a nan shi ne abu na farko da mai kallo zai tsaya a kai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa masu rubutun ba da ma'auninmu suke awo ba.

Ke kin kalla?

Na kalli wuraren lilon, na tsallake saura, na goge. A matsayina na mai koyar da motsa jiki, ƙarfin hannu da na ciki da ake buƙata kafin a hau ƙyallen nan ya ba ni mamaki. Ban kai shi aji ba, kuma ba zan kai ba.

Waɗannan lambobin na IMDb da tumatir ɗin nan, yaya ake karanta su?

Shafukan intanet ne da ake ba finafinai maki a kansu, kuma kowane shafi da irin mudunsa. IMDb, wanda ya faro a 1990 kuma Amazon ya saye shi a 1998, maki 1 zuwa 10 yake amfani da shi, kuma duk mai rajista zai iya jefa nasa. Kada ka tsaya a makin, dubi adadin masu jefawar da ke gefensa. Maki 8 daga mutum 300 daban yake da maki 8 daga mutum 300,000.

Rotten Tomatoes, wanda aka buɗe a 1998, lamba biyu yake nunawa. Ta tumatir ta ƙwararrun masu sharhi ce, 'yan jarida da makamantansu. In kashi 60 cikin 100 ko fiye suka yaba, sai a sa jan tumatir, in bai kai ba a sa koren da ya fashe. Mutane da yawa suna kuskure a nan: kashi 90 ba ya nufin fim ya ci 9 cikin 10. Yana nufin mutum 9 cikin kowane 10 sun ce ba laifi, ko da kuwa yabon nasu na ganin ido ne. Lamba ta biyu, mai hoton gugguru, ita ce ta gama-garin masu kallo. Sai Letterboxd, na 2011, mai tauraro 5, inda matasa masu son finafinai suka fi taruwa.

Akwai kuma taron dangi. Wani lokaci mutane kan haɗa baki su yi wa fim ruwan maki 1 ba tare da sun kalla ba, don sun ji haushin jigonsa ko ɗan wasan da ke ciki, masoyansa kuma su rama da maki 10. Finafinan da suka taɓa addini, launin fata ko irin wannan soyayyar sun fi shan haka. Abin ya yi yawa har a 2019 Rotten Tomatoes ya hana yin tsokaci a kan fim kafin ya fito. Ni dai in na ga makin ya taru a 10 da 1, tsakiya ba kowa, na san faɗa ake yi. Sai in nemi waɗanda suka ba da 5 ko 6 in karanta, domin su ne ke faɗin mai kyau da maras kyau.

Ba na jin Turanci sosai. Ta yaya zan san abin da ke cikin fim kafin in sauke wa yara?

Wata uwa ce ta yi mini wannan tambayar a bakin ƙofar makaranta, kuma ta fi ni gaskiya, don duk bayanin da ke sama bai amfane ta ba.

Fara da haruffan shekaru. Amurka tana da tsarinta tun 1968: G na kowa, PG a sa ido, PG-13 a yi hattara da 'yan ƙasa da 13, R ɗan ƙasa da 17 sai da babba, NC-17 kuwa na manya zalla. A Najeriya hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa G da PG da lambobi irin su 12, 15 da 18. Sai dai ƙananan finafinai da yawa ba sa zuwa a auna su, za ka ga an rubuta Not Rated. Wannan ba shedar tsabta ba ce, ba a duba ba ne kawai. Sannan PG-13 ɗin Ba'amurke na iya ɗauke da sumba da shigar da kakarmu za ta yi salati in ta gani.

A IMDb akwai sashen da aka rubuta wa Parents Guide. Can ne masu kallo ke lissafa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya: tsiraici, zubar da jini, ashar, giya, abin tsoro. A wurina ya fi taurarin amfani nesa ba kusa ba. A sa wani ɗalibi babba ya karanta, ko a kwafa a zuba a manhajar fassara ta waya. Hausarta takan fito a karkace, amma za a gane inda aka dosa. In duk wannan ya gagara, kunna fim ɗin kai kaɗai, ka riƙa jan shi gaba kana tsayawa nan da can. Minti 10 sun isa.

Ku kuma 'yan shagon turi, don Allah ku daina sayar da abin da ba ku sani ba. Ko taƙaitaccen labarin da ke ƙarƙashin hoton ku riƙa karantawa.

Dama haka 'yan alkafura suke?

A'a. Labari ne wani ya zauna ya ƙirƙira. Da a kan malaman asibiti ya rubuta shi, ba za mu ce haka malaman asibiti suke ba. Wani uba ya ce mini shi daga yau 'yarsa ta bar fita filin motsa jiki. Na ce, "Baba, in fim ne hujja, ai da ba wanda zai sake shiga mota."

In ana neman abin tsoro na gaske a wannan wasa, to yana wajen manyan da aka damƙa wa amanar yara. A 2018 kotu a Amurka ta yanke wa Larry Nassar, likitan tawagar mata ta ƙasar, hukuncin da zai ƙare rayuwarsa a kurkuku, bayan mata fiye da 150 sun tsaya a gaban alƙali sun faɗi cin zarafin da ya yi musu da sunan magani. Shekaru yara suna kai ƙara, manya suna toshe kunne saboda lambobin zinare na shigowa. Wannan ne darasin da nake so iyaye su ɗauka: su san wa ke horar da 'yarsu, su kuma saurare ta in ta yi magana.

To mene ne wasan alkafurar na gasa?

Nan ne wurina, sai ku yi haƙuri in na ja.

Duk wanda ya tashi a Yauri ko Argungu ya ga yara na alkafura a kan yashin bakin gulbi, wani ya yi uku a jere bai taɓa ƙasa da hannu ba. Wasan gasar shi ne wannan ɗin, aka sa masa doka da alƙalai da kayan aiki. Ƙungiyar da ke kula da shi a duniya an kafa ta tun 1881, hedikwatarta na Lozan a Suwizalan. Yana cikin wasannin Olamfik na farko a Atina a 1896, amma maza kaɗai. Mata sai a 1928 suka shiga, a Amsterdam.

Maza na da fanni 6, mata 4. Na matan: a sheƙo da gudu a dafa wani teburi a wuntsila a sama a dira, a yi lilo tsakanin sanduna biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, a yi wasa a fili mai tsawon mita 12 da faɗin mita 12, ana kiɗa, sai kuma gungumen da ni nake ganin ya fi duka ban tsoro. Tsawonsa mita 5, tsayinsa daga ƙasa santimita 125, faɗinsa santimita 10 kacal. Ɗauki wayarka ka duba faɗinta, ka ƙara kaɗan. A kan wannan yarinya za ta yi alkafura ta baya, ba ta ganin inda za ta sauka.

A 1976 a Montiriyal, wata 'yar Romaniya mai shekara 14, Nadia Comaneci, ta ci maki 10 cif. Allon maki bai iya nuna 10.00 ba, sai ya nuna 1.00, 'yan kallo suka yi cirko-cirko. Yau ba za ta sami shiga ba ma, don tun 1997 sai mai shekara 16. Makin 10 ɗin ma an sauya tsarinsa a 2006: yanzu ana haɗa makin wahalar abin da aka yi da makin tsabtar yadda aka yi shi.

Simone Biles ta Amurka ita ce tauraruwar wannan zamani. A gasar Tokiyo da aka yi a 2021 ta janye daga yawancin wasanninta saboda ta daina gane sama da ƙasa in tana juyi a iska, abin da kan iya karya wa mutum wuya. An zage ta, an ce ta gudu. A Faris a 2024 ta dawo ta ɗauki zinare 3 da azurfa 1. A gasar Tokiyon ce kuma Uche Eke ya zama ɗan wasan alkafura na farko da ya wakilci Najeriya a Olamfik.

Shigar tasu fa? Ai kusan tsirara suke.

Gaskiya ne rigar ta ɗame jiki kuma ƙafafu a waje, kuma ba mu kaɗai abin ke damu ba. A 2021 tawagar matan Jamus ta fito da riga mai rufe ƙafa har idon sawu, a gasar Turai da kuma Tokiyo, suka ce sun gaji da kallon da ake yi wa jikinsu. Doka ba ta hana ba. Ɗalibaina da dogon wando da riga mai hannu suke atisaye, a filin da ba maza.

Me doka ta ce game da irin wannan fim?

Kebbi na cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999, kuma maɗigo laifi ne a ƙarƙashinta. A matakin tarayya akwai dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014: ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga kafa ƙungiya ko bayyana irin wannan soyayya a bainar jama'a. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na ciki da waje sun soki dokar, mafi yawan shugabannin addini na Musulmi da Kirista sun goyi bayanta. Ta fuskar fim kuwa, nunawa ko rarraba abin da hukumar tacewa ba ta tantance ba saɓa doka ne, kuma wannan ya fi shafar mai shago da mai gidan kallo.

Ko a wasu ƙasashen Afirka ana wannan ja-in-ja. A 2018 hukumar Kenya ta haramta wani fim na ƙasar mai irin wannan jigo, kotu ta ɗage haramcin na kwana 7 kawai.

Na ga irinsa a wayar 'yata. Yaya zan yi?

Yaya, ki fara da yin shiru na kwana ɗaya. Ni da hijabina da shekaruna an tura mini shi ban sani ba, ina ga yarinyar da ake zuba wa fim 30 a memori lokaci guda, ko ƙawa ta tura mata ta Xender? Ki zaunar da ita ku biyu, ki tambaye ta ina ta samu, ta kalla ko ba ta kalla ba, me ta fahimta. Ki faɗa mata matsayinki da na addininki a fili, ba zagi ba duka. In kika fara da tsintsiya, abin da za ta koya shi ne sa wa waya makulli.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada maganar ta fita gida. Mu da ke aiki a makarantun 'yan mata mun san yadda kalmar nan take. Yara biyu sun shaƙu, suna cin abinci kwano ɗaya, suna tafiya riƙe da hannu kamar yadda muka yi da ƙawayenmu, sai wata mai jin haushi ta jefa kalma ɗaya. Shi ke nan an shafa musu kashin kaji. Na taɓa ganin yarinyar da ta bar karatu a kan zargin da ba wanda ya iya kawo shedarsa, kuma maganar ta bi ta har lokacin da aka zo neman aurenta. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mu yawan zato da bin diddigi da gulma, ba ta ware 'yan makaranta ba. Duk abin da mutum ke ganin wata ta yi, ba shi da izinin tona ta a Facebook ko tara mata jama'a.

Me ya sa ba mu da namu sharhin da Hausa?

Muna da shi, a baki yake. A shagon caji, a wurin kitso, a ƙarƙashin bidiyon YouTube. Matsalarsa gajarta: "ya yi" ko "bai yi ba", sai addu'a ga jarumi ko tsinuwa. Da mai kallo zai ƙara layi uku, ya ce labarin kaza ne, akwai kaza a ciki, na kalla da yara ko ban yarda su gani ba, da ya taimaki uwar nan ta bakin ƙofa fiye da duk taurarin IMDb. Mun fara haka mu malamai 6 a tsakaninmu, duk wadda ta kalli abu sai ta rubuta wa saura.

A ƙarshe me kika nuna wa ɗaliban?

Bidiyon Comaneci na 1976, da na Biles a Faris, da na matan Jamus da dogayen rigunansu. Da muka fita fili na ɗauki alli na ja layi biyu a kan siminti, tsakaninsu santimita 10, tsawo mita 5, na ce kowa ta bi ta kai ƙarshe ba tare da ta taka waje ba. Su 42 ne a ajin. Guda 9 suka kai, ɗaya daga cikinsu, 'yar wani masunci daga Yauri, ta juyo ta ce, "Malama, in yi da baya?"